Na ɗauka wankin ciki ne ƙarshen magana

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, har da mazan ma don wallahi maganar nan ta shafe ku. Na daɗe ina son rubuta wannan abun amma duk sanda na fara sai in ji jikina ya yi sanyi in ajiye. Abin da ya sa yau na daure shi ne satin da ya wuce aka ce wa ƙanwar wata ƙawata tana da irin cikin da na taɓa yi, wato cikin mola, wanda mabiyiya ce kawai ke girma ba ɗa, na je dubiya na ji ta da kunnena tana cewa "Anti ai an riga an wanke, shi ke nan, na huta", wallahi sai da gabana ya faɗi, don maganar da na faɗa ke nan sak shekarun baya kafin abin ya kusa tafiya da ni.

Ina da shekara 27 lokacin, yarana biyu, na yi ɓatan wata na uku ba tare da wani tunani ba don na saba. Amma laulayin nan daban yake. Ni da a cikin farko da na biyu ba na wuce ɗan tashin zuciya da safe, wannan karon ko ruwa na sha sai ya dawo, amai dare da rana har sai na ga ɗaci-ɗaci, zuciyata na bugawa fat-fat kamar na yi gudu alhali ina kwance, hannuna na rawa, ga zufa. Cikin kuma wata biyu da 'yan kwanaki amma ya fito kamar na wata huɗu, kowa ya gan ni sai ya ce 'yan biyu ne, ni ma har na fara murna a raina. Sai jini ya fara, ba mai yawa ba, wani baƙi-baƙi kamar tsohon jini, yau ya zo gobe ya ɗauke. Yayata ce ta matsa ta ce ke tashi mu je awo, wannan ba na zama ba ne.

Ba zan manta ɗakin sikanin ɗin nan ba. Mai ɗaukar hoton ta shafa min man nan mai sanyi ta ɗora na'urar tana hira da ni tana tambayata yaran gida, can sai ta yi shiru. Ta danna nan ta danna can ta ƙara mai ta sake dannawa. Na ce Sista lafiya? Ta ce bari in kira likita. Da ya zo ya juyo min da allon ya ce Malama duba nan, a irin wannan watan kamata ya yi mu ga ɗan tayi da bugun zuciyarsa, to kin ga babu. Abin da na gani wani tsaki-tsaki ne fari da baƙi ya cika mahaifar, kamar talabijin idan sigina ta ɗauke. Ya ce sunansa cikin mola, mabiyiya ce take ta girma ita kaɗai ba ɗa, ta zama ƙananan ƙulle-ƙulle masu ruwa a ciki, kuma dole a cire ba a jira.

Na ce likita to amma gwajin fitsari ya nuna ciki, layi biyu raɗau. Ya ce eh ai zai nuna, don abin da gwajin yake kamawa wani sinadari ne da ake ce wa hCG, kuma mabiyiya ce ke yin sa ba jariri ba, shi ya sa ma naki ya fi na mai cikin gaske yawa nesa ba kusa ba, shi ne ya jawo miki aman nan da bugun zuciyar, don idan ya yi yawa sosai har wani ƙulli da ke wuya da ake ce wa tayirod yake tayarwa. Da sakamakon jini ya fito nawa ya haura dubu 200.

Aka yi wankin ciki washegari, aka ƙara min jini leda biyu don na zubar sosai. Da na farfaɗo na roƙi nas ɗin ta nuna min abin da aka cire, ta yi jim kamar ba za ta yarda ba sai kuma ta kawo min a wani ɗan kwano na ƙarfe kafin a kai lab. Kun san ƙwan kwaɗi a bakin ruwa? To haka yake, ƙwayoyi ƙwayoyi masu sheƙi a haɗe da juna, wasu ƙanana wasu kamar inabi. Na tsaya ina kallo ina neman ko da ɗan yatsa ne, ko wani abu da zan ce nawa ne in yi masa kuka, babu. Wannan wani irin rashi ne da ban san sunan da zan ba shi ba, don mutane suna zuwa suna cewa ai gara ke tunda ba ɗa ba ne, ni kuwa wata uku ina magana da shi a raina har suna na zaɓa.

Maganganu kam na sha su. Wasu su ce wani abu na sha, wasu su ce aikin wahala ne, Hajiyar maigidana ma da ba ta da mugun nufi sai da ta ce ko dai mahaifar ce ta gaji. Da muka koma karɓar sakamakon lab ni da shi na tambayi likitan kai tsaye na ce laifina ne? Ya ɗauko takarda ya zana mana da biro. Ya ce kowane ɗan Adam yana ɗauko ƙwayoyin gado 23 daga uwa 23 daga uba su zama 46, a irin nawa kuma, wanda suke kira cikakken mola, ƙwan mace ne ya fito fanko ba kayan gadon uwa a ciki, sai na uban ya ninka kansa ya cike gurbin, to ba a samun ɗa da na uba kaɗai sai mabiyiya. Akwai kuma rabin mola inda maniyyi biyu ke shiga ƙwai ɗaya su zama 69, a nan akan ga ɗan tayi amma ba ya rayuwa. Ya ce wasu masana biyu 'yan Jafan, Kajii da Ohama, su suka tabbatar da wannan a 1977, kafin nan kowa zato yake yi. Ya kalli maigidana ya ce kai ma ba laifinka ba ne, tsautsayi ne a daidai lokacin haɗuwar, ba abinci ba aiki ba magani. Wallahi ranar ne na fara yin barci sosai.

Sai ya faɗi abin da ban riƙe da kyau ba. Ya ce Malama wankin nan ba shi ne ƙarshe ba, cikin mata ɗari masu cikakken mola kusan 15 sauran ƙwayoyin ba sa mutuwa, sukan kama jikin mahaifa su ci gaba da girma har su bi jini su tafi wani wuri, kuma ba mu da hanyar sani da wuri sai ta lambar hCG, don haka duk sati biyu za ki zo a ɗebi jini har ta sauko ta koma daidai, bayan nan ma mu ci gaba da bibiya na wasu watanni, kuma kar ki ɗauki ciki a tsakani don ciki ma yana ɗaga lambar sai mu rasa gane wanne ne wanne.

Na je sau uku. Na farko dubu 9, na biyu 1,800, na uku 600. Kowa ya ga wannan ai zai ce abu na tafiya daidai. Jini ya ɗauke, na fara cin abinci, na koma aikina, ga yara ga layin asibiti da za ka wuni a kai ga kuɗin gwajin da yake fita duk sati biyu, kuma gaskiya ban son komawa wurin don duk na shiga sai na ga masu ciki suna zaune suna shafa cikinsu. Na ce wa maigida ai na warke, ya ce kin tabbata? Na ce ka ga lambar da kanka saura kaɗan. Ba wanda ya kira ni daga asibitin ya ce ina kike, ni ma ban nemi kowa ba. Ba na ɗora wa kowa wannan, amma har yau ina tunanin da a ce akwai wanda aikinsa kawai shi ne ya buga waya ya ce Malama ba mu gan ki ba, da labarin ya canza.

Wajen wata biyar bayan wankin al'adata ta rikice, ta zo ta ƙi tafiya, kwana ashirin ina abu ɗaya. Sai tari, busasshe, wanda na ɗauka sanyi ne na sha maganin tari kwalba biyu a banza. Wata asuba na yi tari a hankici na ga ɗigon jini ja. A nan jikina ya ba ni. Ban ma tashi maigida da magana ba, hankicin kawai na miƙa masa.

Lambar da na baro a 600 ta koma dubu 38. Hoton ƙirji ya nuna tabo uku a huhu, zagayayyu kamar an ɗiga su, sikanin kuma ya nuna wani ƙullutu a jikin bangon mahaifa. Aka tura ni babban asibiti wurin likitar da ta ƙware a kansar mata, wata mace mai natsuwa da ba ta gaggawar magana. Ita ce ta fara furta kalmar, ta ce kansa ce, daga ƙwayoyin mabiyiyar nan ta taso, mafi tsananinta ana ce mata koriyokasinoma. Ni dai daga "kansa" ban ƙara jin komai ba, kunnena ya toshe, ina ganin bakinta na motsi ina lissafin shekarun yarana, babbar shida ƙaramin uku, wa zai riƙe su. Sai da ta dafa gwiwata ta ce 'yar uwa ki dawo nan ki saurare ni, a duk kansar da nake gani a ɗakin nan wannan ce na fi iya kallon mutum ido da ido in ce masa in sha Allahu za ki warke, ko da ta je huhu.

Na ce za a cire mahaifar? Ta ce a'a, yawanci ba a buƙata, ko yanka ƙullutun don gwaji ma ba za mu yi ba saboda irinsa jini ne da shi sosai. Ta ɗauko wata takarda mai layi-layi tana ba ni maki kamar jarrabawa: shekaruna, irin cikin da ya jawo, wata nawa da wucewarsa, yawan lambar, girman ƙullutun, inda ya bazu da guda nawa, da ko an taɓa min magani ya ƙi. Ta ce tsarin ƙungiyar likitocin mata ta duniya ne, FIGO, daga 0 zuwa 6 ƙaramin haɗari ne magani ɗaya ake farawa da shi, daga 7 zuwa sama sai an haɗa magunguna da yawa. Nawa ya tsaya a 5. Ta ce a rukuninki kusan kowa na warkewa, masu babban haɗarin ma sama da 90 cikin 100 suna tashi idan an yi maganin yadda ya kamata.

Maganin sunansa metotireksat. Allura ce a ɗuwawu rana ta 1, 3, 5 da 7, a ranakun tsakani kuma ƙwaya ɗaya da take ceto lafiyayyun ƙwayoyin jiki daga dafin allurar, kwana takwas ke nan, sai hutun kwana shida a sake. Zagayen farko a kwance na yi shi don suna tsoron kar jini ya ɓalle. Na tuna wata nas ta ga maganin ƙarin jinin da Yaya ta kawo min a kan loka ta ɗauke ta ce kar ki kuskura, akwai folik a ciki, shi kuma maganinki aikinsa ke nan ya hana kansar amfani da folik ɗin, kin ga kina sha kina warware mana aiki. Haka ta hana ni wasu magungunan ciwon jiki da shiga rana sosai, ta ce ruwa kuwa ki sha kamar ba gobe. Bakina ya yi gyambo har harshe, idona ya bushe kamar an zuba yashi, wani lokacin in na ja numfashi sai in ji suka a haƙarƙari. Amma gashina bai zube ba a lokacin, kuma duk sati lambar na sauka, na samu wani ɗan littafi ina rubutawa da kwanan wata, dubu 38, dubu 11, dubu 4, na zama ba abin da nake jira a duniya irin ranar karɓar sakamako.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata dattijuwa da nake ce wa Mama, ita kuma ta ce min 'yar nan. Kansar bakin mahaifa ce da ita. Ta ce min shekara biyu tana ganin jini bayan ta daɗe da daina al'ada, da wani ruwa mai wari, amma kunya ta hana ta faɗa wa ko 'yarta, sai turare take ta sawa tana ƙara zani. Sanda aka kawo ta abin ya riga ya taɓa mafitsara. Da dare idan ciwon ya taso ba ta ihu, sai dai ka ji ƙarfen gadon na ƙara don riƙon da take masa tana salati a hankali. Ni nake tashi in jiƙa mata tsumma in goga mata a goshi. Wata rana ta ce 'yar nan ke naki an ce yana jin magani ko? Na ce eh Mama. Ta ce to ki riƙe shi da kyau, kar ki yi irin tawa. Ban fi sati uku da sallama ba na dawo allura na tarar da wata a gadon.

Abin da ya fi ci min rai game da Mama shi ne daga baya da na fara karance-karance na gane nata ciwon ma an san abin da ke jawo shi tuntuni. Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya nace cewa ƙwayar cutar HPV ce ke jawo shi a lokacin da yawancin masana ke kallon wani wuri daban, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008, nau'i biyu kawai, 16 da 18, su ke da kusan 70 cikin 100 na ciwon, rigakafi ya fito tun 2006, gwajin bakin mahaifa kuma yana kama abin shekaru kafin ya zama kansa. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata wajen dubu 660 suka kamu, wajen dubu 350 suka rasu. Ilimin yana nan, Mama ce bai iso wa ba.

Ni kuma a zagaye na biyar lambata ta tsaya. 340, sati na gaba 310, na gaba 330. Na shiga ofishin likita da littafina a hannu ina rawa na ce ya dawo ko? Ta ce bai dawo ba, ya dai saba da wannan maganin ne, kuma a masu maki 5 da 6 hakan na faruwa sosai, muna da na biyu. Aka koma wani da ake ce wa aktinomaisin, shi ta jijiya ake yi duk sati biyu, ruwansa rawaya, nas ɗin tana yi tana kallon wurin allurar ba ta ko ƙiftawa don idan ya zubo a fata ƙonewa yake. Wannan kam ya ba ni wuya, amai, kasala, gashina ya fara biyo mataji. Zagaye uku lambar ta faɗo ta koma 3. Ƙasa da 5 shi ne daidai.

Na yi sujada a ɗakin karɓar sakamakon, ban damu da masu kallo ba. Na shiga wurin likita da murnata ina cewa Alhamdulillah mun gama, sai ta ce saura zagaye uku. Wallahi ji na yi kamar ta mare ni. Na ce likita lambar ta koma daidai, huhun ya washe, me kuma za a kashe? Jikina ya gaji, yarana sun gaji, ni ba zan ƙara ba. Ba ta yi min faɗa ba, ta rufe fayil ɗin ta ce bari in ba ki labarin wani mutum.

Ta ce a shekarun 1950 irin ciwon nan idan ya bazu kusan tara cikin goma mutuwa suke, yawanci cikin shekara guda, mata matasa da suka fito daga ciki. Akwai wani likita ɗan asalin Chaina, Min Chiu Li, yana aiki da wani Roy Hertz a cibiyar binciken kansa ta ƙasar Amurka, shi ya gwada metotireksat ɗin nan a kan wata matashiya da kowa ya cire rai da ita, huhunta cike, sai ga ta ta tashi ta taka da ƙafarta. Suka fitar da rahoton a 1956, kuma shi ne karon farko a tarihi da magani kaɗai ya warkar da kansa mai ƙullutu da ta riga ta bazu. Amma Li ya lura da wani abu, ko hoto ya nuna ƙullutun ya ɓace, idan hCG ba ta koma daidai ba to akwai sauran ɓoyayyun ƙwayoyi, sai ya ƙi tsayar da magani ya ci gaba da ba matan. Manyansa suka ga kamar yana zuba wa mutanen da suka warke guba ne a kan wata lamba kawai, suka sallame shi daga aiki a 1957. Da tafiya ta yi tafiya sai waɗanda aka tsayar wa magani da wuri ciwonsu ya riƙa dawowa, nasa kuwa shiru, sai a 1972 aka ba shi babbar kyautar Lasker. Ta ce to bayansa ma an ƙara gano cewa ko gwajin ya ce daidai, akwai ragowar da suka yi ƙanƙantar da gwajin ba ya ganinsu, ƙarin zagayen nan nasu ne. Ta ce ke da kanki kin taɓa tsayawa a 600, kin ga inda ya kai mu.

Ban ce komai ba, hannuna kawai na miƙa wa nas.

Tun daga ranar kallon da nake wa kalmar bincike ya canza. Da can idan na ji an ce likitoci na bincike a kan marasa lafiya abin da ke zuwa raina shi ne za a mai da mutum zakaran gwajin dafi, kuma ba zan ce tsoron nan ba shi da tushe ba, an yi zalunci a tarihi da sunan bincike, shi ya sa ma aka kafa dokoki irin sanarwar Helsinki da aka fara fitarwa a 1964 cewa dole a yi wa mutum bayani ya yarda da bakinsa kuma yana da damar ya ce a'a ba tare da an rage masa kulawa ba. Amma ku duba ta ɗaya gefen. Kwana nawa za a yi allura, nawa za a huta, maki nawa ne haɗari, zagaye nawa za a ƙara, duk wannan ba mafarkinsa aka yi ba, jinin wasu mata ne da aka ɗiba aka rubuta shekara da shekaru. A Ingila wani likita Kenneth Bagshawe na asibitin Charing Cross da ke Landan ya sa aka fara rajistar duk mai cikin mola a ƙasar tun 1973, ana bibiyar lambarta daga cibiya, ita ba sai ta tuna da kanta ba, a asibitin ne kuma aka haɗa maganin da ake ba masu babban haɗari. Wato abin da na rasa, wanda zai neme ni, wasu sun gina shi tun kafin a haife ni. Ina ganin duk inda ake wankin cikin mola ya kamata a ce akwai irin wannan littafin ko da na takarda ne da lambar waya.

Saboda haka ranar da wani matashin likita ya zo da takarda ya ce Anti muna neman izininki mu ajiye bayanan jinyarki da sakamakon gwaje-gwajenki don nazari, ba za a sa sunanki ba, kuma in kin ƙi ba abin da zai canza a maganinki, na sa ya karanta min ita tun daga sama har ƙasa, na tambaye shi wa zai gani, ya amsa, na ce in na canza ra'ayi fa, ya ce sai ki faɗa a cire. Maigida ya ɗan yi jim ya ce ke kin ga ya dace? Na ce Abban yara matar nan ta farko da ta yarda aka gwada maganin a kanta ba ta san ni ba. Na sa hannu, har littafina na ba shi ya kwafa.

Aka ce in yi shekara guda cur ban ɗauki ciki ba, na yi tazara da ƙwayoyi, ana gwaji a kai a kai. Wannan karon ko ruwa ake da ƙanƙara ina layi. Shekara ta cika da 'yan watanni na yi ɓatan wata, maimakon murna sai tsoro, don an faɗa min kusan ɗaya cikin ɗari mola na iya maimaituwa, kuma duk da 99 ɗin suna gefena zuciyata ɗayan nan take kallo. A sati na takwas aka sa ni sikanin, na kwanta na rufe ido na ƙi kallon allon, sai na ji ta ƙara sautin na'urar, wani bugu da sauri-sauri kamar ana tafi a nesa ya cika ɗakin. Na ce Sista nawa ne ko nasa? Ta ce naki bai kai wannan gudun ba Hajiya, buɗe idonki.

Cikin bai zo da sauƙi ba a ƙarshe, a wata na takwas jinina ya hau, ƙafa da fuska suka kumbura, ciwon kai kamar ana sara, ina ganin walƙiya-walƙiya, fitsari ya nuna furotin. Suka ce alamun jijjigar masu ciki ne suka ɗaura min magnesiyam salfet, wanda ya taɓa karɓa ya san zafin da yake sa wa jiki kamar an kunna wuta a ciki. Ina kwance ina jin zafin nan na tuna na karanta cewa shi ma sai da aka gwada shi a kan mata sama da dubu 10 a ƙasashe 33, binciken da ake kira Magpie da ya fito a 2002, aka ga yana rage haɗarin jijjigar da fiye da rabi, kafin nan likitoci sun yi shekaru suna gardama a kai. Mata masu ciki irina, cikin tsoro irin nawa, aka zo musu da takarda suka sa hannu. Ban yi jijjiga ba. Aka yi min tiyata aka ciro 'ya mace, ƙarama amma da kukanta.

Na roƙa a nuna min mabiyiyar kafin a kai lab, nas ɗin ta yi mamaki don ba a saba tambaya ba. Ja ce sumul, guda ɗaya, ba ƙwaya ko ɗaya a jikinta. Sati shida bayan haihuwa na koma aka ɗebi jini kamar yadda likitata ta ce, ina zaune a benci da jaririyar a kafaɗa aka miƙo takardar, 2. Na buɗe jaka na ɗauko littafin na rubuta a ƙasan sauran.

Ƙanwar ƙawar tawa gwajinta na biyu ranar Talata ne, na ce mata ta shirya da wuri ni zan zo in ɗauke ta, na kuma saya mata nata littafin.